Riƙon Kura, Damisa da Sauran Dabbobi Masu Farauta: Tambayoyi da Amsoshi daga Zariya

Da zarar an kawar da amfanin gona, aka shiga ƙunar daji da farautar rani, sai 'ya'yan namun dawa su fara shigowa gari, wasu a buhu, wasu a kwali, wasu a aljihun yara. Kaɗan ne ake kaiwa Samaru wurin likitocin dabbobi. Mafi yawa a kejin kaji suke ƙarewa a bayan gida, kuma ba sa kai wata guda. Yawancin masu ɗauko su tausayi ne ya sa su, sai dai tausayi kaɗai ba ya raya ɗan dabba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Yara sun tsinto ɗan dila, ko ɗan kyanwar daji, a bakin gona. Me za mu fara yi?

Ku fara tabbatarwa maraya ne. Dila da yanyawa da kyanwar daji da jibda duk sukan bar 'ya'yansu a rami ko a ƙarƙashin duhuwa su tafi neman abinci na tsawon sa'o'i. Ɗan da aka samu a kwance shiru, jikinsa da ɗumi, cikinsa a cike, uwarsa na nan kusa. A mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi kafin magariba, a janye yara da karnuka, a leƙa da safe. Zancen da ake yi cewa uwa ba ta karɓar ɗan da hannun mutum ya taɓa bai inganta ba. Abin da ke korar ta shi ne hayaniya da yawan zirga-zirga a bakin ramin.

Maraya na gaskiya ana gane shi: an ga gawar uwar, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya yini yana kuka, ko akwai rauni da ƙudaje a kansa. Shi wannan a sa shi a kwali mai huji, a shimfiɗa masa tsumma, a cika gorar roba da ruwan ɗumi a naɗe ta da zane a ajiye a gefe ɗaya, yadda in zafi ya yi masa yawa zai iya matsawa. A rufe, a kai ɗaki mai duhu da shiru. A cikin hunturu sanyin daren Zariya kaɗai ya isa ya kashe jaririn da bai kai mako biyu ba, don ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. A makon farko makwancinsa na bukatar digiri 29 zuwa 32. Kada a ba shi komai tukuna. Hanjin ɗan da ya yi sanyi ba ya aiki, madarar da aka ɗura masa zama za ta yi ta ruɓe. Ɗumi ne farko, sai ruwa, abinci ne na ƙarshe.

Za a iya ba shi nonon saniya ko madarar gwangwani?

A'a. Nonon saniya yana da sukarin madara fiye da abin da hanjinsu ke iya narkarwa, ga ƙarancin maiƙo da furotin. Sakamakonsa zawo ne, zawo kuwa yana gama da jariri cikin kwana biyu. Nonon kura ma ya fi na kusan duk dabbobi masu farauta na tudu furotin, kuma ɗanta yakan sha fiye da shekara guda, saboda haka ba abin da ke cikin shagon unguwa da zai maye gurbinsa. Abin da ake amfani da shi shi ne garin madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa ko kwikwiyo, irin su KMR da Esbilac, gwargwadon jinsin dabbar. Kafin a samo, nonon akuya da aka tafasa ya huce, aka kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya cikin kofi guda, zai riƙe shi kwana ɗaya ko biyu, ba fiye ba.

Shan farko da na biyu ruwan gishiri da sukari ne na sacet, mai ɗumi. Daga nan a dama madarar da ruwa-ruwa, rabin ƙarfinta, a riƙa ƙara kauri har ta cika cikin kwana biyu. A auna nauyin ɗan da sikelin kicin. Abin da zai sha a yini ɗaya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne na nauyinsa: mai kilo ɗaya, mililita 100 zuwa 200, a raba duk bayan awa uku, har da dare. A zama guda kada a wuce mililita 50 ga kowane kilo, don iyakar tumbinsa ke nan, kuma gara a fara da rabin haka.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne kwanciyar shayarwa. Mutane sukan rungume shi rigingine kamar jaririn mutum. Ɗan dabba a kan cikinsa yake sha, kansa a ɗan ɗage. Hujin fidar ya zama ƙarami, in an kifa ta ɗigo ɗaya-ɗaya ke fita, kuma ba a matsa ta. In ka ga madara ta ɓullo ta hanci, ta shiga huhu ke nan, bayan kwana ɗaya ko biyu numfashi ya fara ƙara, sai ciwon huhu. Bayan kowane sha a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a shafa masa mara da dubura, domin uwa lasa take yi kafin ya yi fitsari da kashi, haka har mako uku. A shafa aidin a cibiya. Ɗan da bai sha dakashin uwarsa ba garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, don haka fida da hannu duk sai an wanke su kowane karo. A riƙa auna shi kullum da safe ana rubutawa. Kwana biyu a jere bai ƙaru ba, akwai matsala ko da yana sha.

Muna ba shi tsoka zalla, mai kyau, daga mahauta. Me ya sa ƙafafunsa suka lanƙwashe?

Tsokar ce ta jawo. Wannan ita ce cutar da ta fi nakasa 'ya'yan zaki da damisa da kura a hannun mutane, kuma masu ƙoƙarin kyautatawa ta fi samu. A daji dabba ba tsoka kaɗai take ci ba. Tana cinye ƙashi da guringuntsi da fata da gashi da kayan ciki. Jiki na bukatar kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaras, wajen 1.2 a kan 1. Tsoka kuwa a juye take, fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam wajen sau ashirin. In jini ya rasa kalsiyam sai jiki ya riƙa ciro shi daga ƙashi, ƙashin ya yi ta sirancewa daga ciki.

Wata biyu zuwa huɗu bayan yaye ake fara gani. Ɗan da ke tsalle-tsalle sai ya koma kwanciya, ya yi ɗingishi, ya yi ƙara in an ɗaga shi. Ƙafafu su yi baka, dirowa daga kan kujera kawai ta karya masa cinya. In ƙashin ƙugu ya tsuke, kashi ya daina fita sai da wahala har ƙarshen rayuwarsa. Hoton ƙashi a asibitin dabbobi yana nuna shi ƙarara. In an gano da wuri ƙashin yana sake ƙarfi cikin makonni, muddin an gyara abinci kuma an tsare dabbar a ƙaramin wuri da ba abin hawa. Amma abin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Maganinsa a ba da dabba sukutum: kaza da gashinta, zabo, zomo, ɓera, ga ƙanana a daddatsa har da ƙashi. In dole sai tsoka, a busar da ɓawon ƙwai a daka shi lukui, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya a kowane kilo. Ƙashi ɗanye ake bayarwa, dafaffe tsagewa yake yi ya huda hanji. A haɗa da zuciya, saboda dangin kyanwa na bukatar wani sinadari da ke cikinta, tawurin, wanda rashinsa ke makantarwa ya kuma kumbura zuciya. Hanta ita ke ba da bitamin A. Rashinsa yakan sa ƙashin kan ɗan zaki ya yi kauri ya danne ƙwaƙwalwa, ka gan shi yana tangaɗi yana ɗaga kai sama. Yawanta kuma yana sandarar da wuya. Hanta kashi 5 cikin ɗari na abincin ta wadatar.

Mushe fa, ko kajin da suka mutu a gidan gona? Ai sun fi araha.

Arahar nan tsada ce. A 2004 murar tsuntsaye ta kashe manyan damisoshin Asiya masu zane da yawa a wani gidan namun dawa a Tailan, ta hanyar ɗanyun kaji. Saniyar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ana zargin ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks, kuma an tabbatar da ɓullarsa a Suleja a watan Yulin 2023. Ba a feɗe ta, balle a ciyar da ita. Huhun da aka ƙi a kwata yakan ɗauki tarin fuka. Sai kuma mushen da aka zuba wa guba don karnuka ko diloli. Naman da likita bai yarda mutum ya ci ba, kada a ba dabba.

Nawa babban zaki ke ci?

Kilo 5 zuwa 7 a rana, wato wajen tan biyu a shekara, naman shanu fiye da goma. Yana iya kai shekara ashirin a tsare. Kura tana cin ƙasa da haka, amma tana iya kai shekara ashirin da biyar. Mai sha'awar ɗan zaki ya yi wannan lissafin kafin ya taya.

Tun yana jariri na raine shi, a ɗakina yake kwana. Shi ma zai iya cutar da ni?

Zai iya. Hausawa sun gama magana da suka ce damisa ƙi sabo. Kare da kyanwar gida dubban shekaru aka yi ana zaɓen masu sauƙin hali ana haɗa su kafin su zama abin da suke. Raino na shekara ɗaya ba ya yin wannan aikin. Abin da sabo ke cirewa shi ne tsoron mutum, ɗabi'ar farauta kuwa tana nan daram. Saboda haka wanda aka raina a hannu ya fi na daji haɗari, don na daji gudu yake yi in ya gan ka.

Halin yana juyawa ne a lokacin balaga, tsakanin shekara biyu zuwa huɗu ga manyansu. Wasan kokawar da ake dariya a kansa yana kilo biyar, shi zai yi yana kilo ɗari da hamsin. Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: mutum ya juya baya, ya durƙusa, ya yi tuntuɓe ya faɗi, yaro ya ruga da gudu yana ihu, ko a matso kusa da abinci. A watan Fabrairun 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan namun dawa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, mutumin da ya yi shekaru yana kula da zakunan tun haihuwarsu. Ba rashin sanin aiki ba ne. Masu wannan sana'a ba su yarda a shiga wuri ɗaya da babbar dabba ba, komai daɗewar sabo.

To ai gardawa suna yawo da kura cikin kasuwa ba abin da ke faruwa.

Gardawa sun san kura, ba mu musa ba. Suna karanta kunnenta da jelarta da gashin bayanta fiye da yawancin masu digiri. Amma dubi abin da ke riƙe da ita: takunkumi, sarƙa mai nauyi, sanda, da gajiyar tafiya a rana tsaka, alhali ita dabbar dare ce. Duba wuyanta za ka ga inda sarƙa ta cinye gashi har fata ta yi kanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, karin maganar ba ta yi ƙarya ba. Ga kuma abin da ba a gani a dandali: kura dabbar dangi ce, mace ke jagoranci, ɗa na gadon matsayin uwarsa. Ɗaure ta ita kaɗai azaba ce ko da tana ƙoshi.

Masu karya mata fiƙa ko cire wa damisa farce don a samu sauƙin riƙo suna buɗe ƙofar ciwo ne. Haƙorin da aka gutsure jijiyarsa a buɗe take, ruɓa ta bi ta har muƙamuƙi. Kuma kurar da ba fiƙa tana fasa ƙashin hannu da turamenta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, ya isa ya sa mai riƙon kowace dabba ya binciki kansa.

Doka ta yarda mutum ya ajiye irin waɗannan?

Dokar tarayya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana kamawa da cinikin zaki da damisa. Akwai kuma dokokin jihohi a kan namun dawa, waɗanda tushensu dokar namun dawa ce ta Jihar Arewa ta 1963. Wanda dabba ta faɗo hannunsa ya sanar da sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha, ya kuma nemi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Saya daga hannun maharbi da sunan ceto kuwa kuskure ne: kafin a ɗauko ɗa galibi an kashe uwa, kuɗinka kuma shi zai mayar da shi daji gobe.

Yaya keji na gaskiya yake?

Kowace dabba da hanyar gudunta. Zaki tsalle, don haka shinge ya kai mita huɗu da rabi, da leɓe na mita ɗaya da ya ranƙwafo ciki. Damisa hawa, ita ba tsayin da ya isa, sai an rufe sama da raga. Kura tono da tauna, a zuba kankare mita ɗaya cikin ƙasa a ƙarƙashin shinge, kuma kada a sa katako ko roba inda bakinta zai kai. Ragar kaji ba ta cikin lissafi, sai rodi ko waya mai kauri da aka yi wa walda.

Zuciyar ginin ita ce ɗakin kwana mai ƙofar zamiya da ake ja daga waje. Ana kiran dabba ciki da abinci, a rufe, a sa kwaɗo, a ja kwaɗon da hannu, a ƙirga dabbobin da ido, sannan a shiga fili a yi shara. Mutum biyu kullum, ɗaya na ciki ɗaya na tsaye a ƙofa. Ƙofar shiga ta zama biyu a jere, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Yawancin asarar rai a wannan aiki daga sakata ɗaya ce da aka manta. Zakin da ya kuɓuce a Jos a 2015 harbe shi aka yi, na gidan zu na Kano a 2019 ya hana unguwanni barci kafin a mayar da shi.

Da damina a duba tsatsa a gindin rodi da rassan da iska za ta iya kayarwa kan shinge. Da bazara, a Maris da Afrilu, inuwa da ruwa su ne rai. Kura na son kwarmin ruwa da za ta kwanta ciki, har nama takan ɓoye a ciki. In ka ga dabba tana kai da komo a layi ɗaya har ƙasa ta yi hanya, ƙunci ne. A sa mata dandamalin hawa, kututture, wurin ɓuya, a riƙa sauya lokaci da wurin ajiye abinci.

Ta ciji mutum. Sai me?

A wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cikakku, a zuba aidin, a tafi asibiti a ranar, ko asibitin koyarwa na Shika ko mafi kusa. A nemi allurar haukan kare da ta tetanus da maganin ƙwayoyin cuta. Jiran kwana goma a ga ko dabba za ta haukace na kare da kyanwar gida ne, ba a yin sa ga dila ko kura. Ramin haƙori ƙarami ne a ido amma yana da zurfi, kada a ɗinke shi a kemis. In dabbar ta mutu, likitan dabbobi ne zai cire kai a aika gwaji, cibiyar bincike ta Vom na yin wannan. Dilan da ya shigo gari da rana ba ya gudun mutane, a ɗauke shi mai ciwo ne, kada a taɓa.

Akwai magungunan gida da za a iya ba su?

Farasitamol guba ne ga duk dangin kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ƙarami. Rigakafi ma ba kowace allurar kare ake yi musu ba, don masu ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta sukan haddasa ciwon da ake gudu. A nisanta su da karnukan unguwa: cutar distemfa ta karnuka ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan gandun dajin Serengeti na Tanzaniya a 1994. Sabuwar dabba a keɓe ta kwana 30, a gwada kashinta don tsutsa.

Mun samu dabba a tarkon waya, tana da rai.

Kada ku matsa, kada ku yanke wayar. Dabbar da ke tarko ta fi kowace haɗari, kuma kokawa da ita na iya narkar da tsokarta ta mutu bayan kwanaki ko da raunin ƙarami ne. A janye jama'a, a yi mata inuwa daga nesa, a kira likitan da zai sa mata allurar barci. Wayar kan nutse ƙarƙashin fata, naman da ta shaƙe kuma sai bayan kwana uku zuwa bakwai yake nuna ruɓarsa, don haka ba a sakin ta a ranar. A ɗauke ta cikin akwati mai duhu da iska, da asuba.

In ta girma sai mu kai ta daji mu sake?

Babba da aka raina a hannu, a'a. Ba ta koyi farauta ba, kuma ta san abinci wurin mutum yake, saboda haka ruga ko ƙauye za ta nufa, a kashe ta bayan ta yi ɓarna. Zakunan da suka rage a dazukan Nijeriya ba su kai hamsin ba, a Yankari da Kainji, kuma jinsin Afirka ta Yamma ne, ba a cakuɗa su da zakin keji da ba a san asalinsa ba. Ko gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, hukumarsa ce ke da ikon cewa a saki wani abu a ciki.

Ƙanana irin su dila, jibda da tunku suna iya komawa in an shirya tun ranar farko: mutum ɗaya ke ciyarwa, ba magana, ba shafa, ba ɗaukar hoto, a haɗa shi da ɗan'uwansa in akwai. A ƙarshe a kafa keji a wurin da za a sake shi, ya yi mako biyu a ciki, a buɗe da yamma, a ci gaba da ajiye abinci ana ragewa. Wanda ke tahowa da gudu in ya ji takun mutum bai cancanci saki ba.

Mujiya ko shaho da ya faɗo fa?

Jefa masa tawul a ka, kama ƙafafu biyu ta sama da farata, don ƙafa ce makaminsa, ba baki ba. Sa shi a kwali, kejin waya yana kakkarya gashin fiffike har ya kasa tashi sai ya sake wani. Kada a ɗura masa ruwa, ƙofar numfashinsa a gindin harshe take. Abincinsa ɓera ne ko ɗan tsako da gashinsa, wanda ba a kashe da guba ba, kuma curin gashi da ƙashi da yake amayarwa bayan sa'o'i lafiya ce. Karyewar fiffike tana fara haɗewa a karkace cikin 'yan kwanaki, don haka a kai shi asibiti a rana ta farko ko ta biyu. 'Ya'yan mujiya da ake samu a silin ko a rumbu, in ba su ji rauni ba, a mayar da su sheƙarsu ko a rataye musu kwali kusa da ita. Iyayen na dawowa da dare, kuma ɓerayen rumbun nan su suke ɗebo musu.